Shekarar da Ƙwaryar Baba Inuwa Ta Koma a Bushe

Yaran yanzu in suka ga motar burtsatse ta shigo gari da hantsi, kafin la'asar ruwa yana tsiri sama, sai su juyo su dube ni suna murmushi. Wani ma har yakan ce, "Baba Ado, ku dai kun sha wahalar banza. Rami ne fa kawai." Ba na musu da su. Rami ne mana. Kabari ma rami ne, amma ba kowa ake miƙa wa fartanya a ce ya haƙa ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce haƙar rijiya ƙarfi ce kawai. Da ƙarfi ne, da jakai sun fi mu suna a ƙasar nan.

Garinmu yana tsakanin Bici da Dawakin Tofa, inda gona ke jingine da gona, in ka yi tari a gonarka maƙwabci ya ce maka sannu. Da damina noma nake, da rani in shiga ƙasa. Mahaifina ne ya kai ni wurin abokinsa Baba Inuwa, mai haƙar rijiya, ya ce masa, "Ga wannan, ba shi da ƙiba kuma ba ya tsoron duhu. Ban ga abin da ya rage ba." Baba Inuwa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce abin da ya rage shi ne hankali, shi kuwa sai a hankali.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai dagi, wato sandar ƙarfe mai faɗin baki da ake sarar ƙasa da ita. Akwai diga da shebur da aka gajarta musu ƙota, don a cikin rijiya ba wurin ɗaga hannu. Akwai bokitin fitar da ƙasa, da itacen da ake gittawa a baki, da madubi ɗan ƙarami da na sama ke haska wa na ƙasa rana da shi. Sai igiya, wadda mu muke tufka abinmu da rama. Kowace safiya Baba Inuwa sai ya bi igiyar nan da yatsunsa daga wannan kai zuwa wancan kafin kowa ya sauka, ko da jiya aka tufka ta. Yakan ce wanda ke ƙasa ba shi da uwa ba shi da uba sai mai riƙe masa igiya.

Aikina na farko ba haƙa ba ce, yasa ce, a gidan wani mahauci da rijiyarsa ta fara wari. Baba ya fara zura fitila mai wuta, ta kai ƙasa ba ta mutu ba, ya ce iska na da kyau, in sauka. Na fitar da taɓo, na fitar da tsofaffin guga, na fitar da ludayi da takalmi wari guda, daga ƙarshe na fito da ƙasusuwan ɗan akuya. Mahaucin ya tsaya yana kallo, ya ce, "Ashe nan ya shiga. Ni kuwa na yi wata guda ba na gaisawa da maƙwabcina." A ranar na gane mai rijiya yana ganin sirrin gida fiye da wanzami.

Masu kiranmu iri-iri ne. Akwai wanda zai nuna maka wuri da ƙafa ya ce a nan yake so, don kusa da madafa ne, kamar ruwa ya san inda matarsa ke girki. Akwai wanda zai kawo maka fura sau biyu a rana har ka ji kunyar hutawa. Akwai kuma wanda kullum sai ya leƙo ya ce, "Har yanzu?" ya turo maka tsakuwa a ka da bakin takalminsa. Duka Baba Inuwa yana da amsa ɗaya gare su: a tambayi ƙasa.

Yadda yake tambayar ƙasar kuwa shi ne sana'ar gaba ɗaya. Lokacin da na zo hannunsa gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala, ya daina sauka. Yana zaune a bakin rijiya, duk gaba guda da aka haƙa sai ya ɗebi tafin ƙasa daga bokiti ya tara ɗan tsibi a gefe, ɗaya na bin ɗaya, a jere. Ya murza, ya sansana, wani lokaci ya ɗora a harshe. A ƙasarmu jerin nan ba ya canzawa. Jar ƙasa ce a sama, sai marmara, sai wata ƙasa mai laushi mai ƙyalƙyali, sai ruɓaɓɓen dutse, daga nan sai ruwa, ko kuwa falalen dutse in ba a yi sa'a ba. Abin da ka wuce ka wuce shi, ba za ka sake haɗuwa da shi a ƙasa ba. In kuwa a gefen fadama ne, da zarar bokiti ya fito da baƙar laka mai danshi da katantanwa a ciki, to an gama, ruwa yana ƙarƙashin ƙafarka.

Baba Inuwa ba ya cewa ruwa ya kusa. Sai dai ya juya wurin mai rijiya ya ce, "A kawo sabuwar ƙwarya." Da ita ake ɗibar ruwan farko, a kai wa tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan, ta sha ta sa albarka. Duk ƙasar nan an san ƙwaryar Baba Inuwa ba ta komawa a bushe. Ba shi da shanu, ba shi da soro mai kyau, gonarsa ma ba ta kai ta mahaifina ba. Wannan maganar ita ce dukiyarsa, kuma da ita yake tafiya a kasuwar Bici kafaɗa a miƙe.

Sai shekarar fari ta zo. Za ku ce ai shekarar masu rijiya ke nan, to ba haka ba ne. Ruwa ya gudu ƙasa, in an kira mu ƙarin zurfi sai mu ci karo da falalen dutse, dagi yana tartsatsi. Mutane kuma ba su da hatsin da za su ci, balle su ciyar da mahaƙa. Muna zaune haka wani falken shanu mai suna Alhaji Bube, mutumin ƙasar Sakkwato, ya zo har ƙofar gidan Baba. Ya ce garinsu a kan tudu yake, mata suna gangarawa kwari mai nisa ɗibar ruwa, mahaifiyarsa kuma ta tsufa tana fatan ta sha ruwan garinta kafin ta cika. Ya ji labarin ƙwarya a kasuwa, shi ya sa ya zo.

Mu uku muka tafi a bayan babbar mota: Baba Inuwa, da ni mai sauka, da Sale mai riƙe igiya, wanda sa'ana ne. Tudun shimfiɗaɗɗe ne kamar an daɓe shi, ba ɓaure ba kanya balle giginya da mutum zai yi hasashe da su. Baba ya zaga ya zaga, ya zaɓi wani ɗan kwari-kwari a bayan masallaci, muka yi bismilla.

Da farko abin ya yi mana daɗi. Jar ƙasa, sai marmara, sak irin tamu. Amma da muka fasa marmara sai ga wata laka mai duhu, tsakanin toka da baƙi, mai sanyi a hannu. Ba ta dunƙulewa kamar yumɓu. In ka sa bakin dagi a gefenta sai ta ɓare falle-falle, kamar gurasar da aka jera. A tsakanin fallayen kuwa ga katantanwa nan ƙanana, wasu ɓawonsu ne, wasu shatinsu kawai. Na cika bokiti na girgiza igiya.

Ina ƙasa na ji muryar Baba a sama yana cewa, "Alhaji, a kawo sabuwar ƙwarya."

Da na fito shan iska na tarar da wani dattijon garin, Malam Nomau, yana tsugune yana juya lakar da sandarsa. Ya ce wa Baba, "Malam, wagga ƙasa ba ta ruwa ba ta. Mu mun san ta, can gefen kwari tana nan hili, ɗiyanmu na wasa da ita."

Baba ya yi murmushi ya ce, "Malam, kai ka san garinku, ni na san ƙasa. Katantanwa ba ta zama inda babu ruwa."

"Awo," in ji Malam Nomau. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya tafi.

Washegari gari ya taru. Mata da tuluna, yara a kan katanga, an shimfiɗa wa mahaifiyar Alhaji tabarma a inuwa, ƙwarya sabuwa fil a gabanta. Ni kuwa ina ƙasa ina sara da dukan ƙarfina, ina jiran in ji ƙafata ta jiƙe. Maimakon haka dagi ya ce ƙwal. Lakar ta ƙare, na faɗa kan wani farin dutse busasshe ƙayau. Shi ma cike yake da katantanwa, amma sun zama dutse, har da wasu dunƙulallu kamar ƙosai masu zanen tauraro a baya. Yara suka yi ta wawarsu. Mata suka ɗauki tulunansu suka nufi kwari.

Farin dutsen ya cinye mana lokaci mai yawa. Kullum sai an kai dagi wurin maƙeri. Hannuwana suka yi kanta a kan kanta. Ana nan rannan bakin dagi ya nutse cikin laushi, na duba, sai ga baƙar lakar nan ta dawo, da danshinta da katantanwarta. A iya zamana da Baba ban taɓa ganin ƙasar da aka wuce ta sake tarar mutum a ƙasa ba.

Baba ya daɗe yana murza ta. Sa'an nan ya ce, "Yauwa. Ta farko zufa ce. Wannan ce uwar." Ya sake aikawa a kawo ƙwarya.

Wannan karon rabin gari ne ya zo. Aka shimfiɗa wa tsohuwa tabarmarta. Na sara, na sara, lakar ta ƙare, farin dutse ya sake fitowa, busasshe kamar na farko.

A makon nan Sale ya ce matarsa ta kusa haihuwa, zai koma gida. Gaskiya ne tana da ciki, amma mun san ba shi ne ya kore shi ba. Yaran garin sun fara bin mu suna cewa ga Kanawa masu ƙwarya, shi kuwa Sale ba ya jure dariya. Ya tafi, Alhaji ya ba mu samari su riƙe mini igiya. Baba ya rage cin abinci. Sai ya zauna gaban jerin tsibin nan nasa yana kallo, baƙi, fari, baƙi, fari, kamar wanda aka rubuto wa saƙo da harshen da bai iya ba.

Da baƙar lakar ta dawo karo na uku bai ce a kawo komai ba. Ni ma ban yi murna ba. Rana tana tsaka, wani saurayi yana haska mini da madubi, na ɗago wani falle mai faɗin faifai, na sa dagi a gefensa, ya buɗe gida biyu. Sai ga kifi. Ba wai abu mai kama da kifi ba, kifi sosai, tsawon tafin hannuna da ɗan ƙari, a kwance a gefensa. Ga kai, ga ƙashin baya, ga ƙayoyin haƙarƙari a jere ko ɗaya bai goce ba, ga wutsiya a baje. Launinsa ja-ja mai duhu, yana sheƙi don danshi. Na ɗaga kai na ce a gaya wa Baba ga abin da na gani.

Can na ji ana ja-in-ja a sama, Alhaji yana cewa, "Malam, da girmanka?" Sai haske ya toshe. Baba Inuwa ne ake zurowa, igiya ɗaure a hammatarsa, samari huɗu suna saki a hankali. Tunda na san shi ban taɓa ganinsa cikin rijiya ba. Yana saukowa yana cewa a dakata, yana shafa bango, yana cewa a ci gaba.

Muka tsugunna mu biyu a ƙasan, gwiwa na gugar gwiwa. Na miƙa masa. Ya karkata shi wajen haske ya daɗe yana kallo.

"Ado, kifi yana haƙa rami ya shiga ƙarƙashin tudu?"

"A'a, Baba."

"To ruwa ne ya kawo shi. Kuma ba ruwan fadama ba ne. Ɗanɗana lakar nan."

Na ɗora a harshe. Akwai ɗan gishiri-gishiri. Na ce, "Ko ruwan Ɗufana ne, Baba?"

"Ɗufana sau ɗaya aka yi. Ɗaga kanka ka dubi bango." Na ɗaga. Daga inda muke har sama ratsi ne a kan ratsi, baƙi da fari, abin da ni mai haƙawa ban lura da shi ba don kullum kaina a sunkuye yake. Ya ce, "Wannan ya zo ya kwanta, ya ja baya, ya sake dawowa. Allah kaɗai ya san sau nawa." Ya shafa gefen kifin da ɗan yatsa. "Idona bai yi mini ƙarya ba, Ado. Ruwa ya zauna a nan. Mu ne muka makara."

Muna cikin haka wani ɓangaren bango ya ɓantaro daga sama ya faɗo tsakaninmu. A ƙasarmu bango yana tsayawa da kansa har a gama, sai an samu ruwa ake ɗaure shi da siminti. Ita kuwa wannan laka, ta saman da ta daɗe tana shan iska ta bushe ta fara zubowa. Baba ya dubi inda abin ya faɗo, ya ce, "Fita. Ba za a binne ɗan abokina a garin mutane ba." Ya sa aka fara jawo ni, shi ya fito daga baya, kifin a cikin rigarsa.

Ya gaya wa Alhaji Bube gaskiya a gaban mutane, ya ce a cike ramin kada ya ci wani. Alhaji mutumin kirki ne, ya ce, "Allah bai nuhwa ba, Malam. Ba komi." Tsohuwar kuma ta aiko mana da ƙwaryar, ta ce mu tafi da ita, an riga an saye ta da sunanmu.

Baba ya san labari zai riga mu isa gida, tunda Sale yana can. Kifin nan shi ne shaidarsa. In mutanen garinmu suka gan shi da idonsu, za su san ba idonsa ne ya mutu ba, ƙasa ce ta zo da abin da ba a taɓa gani ba. Amma fallen yana da danshi da laushi, ga hanya mai nisa da gargada. Sai muka yi abin da duk wani mutumin ƙasarmu zai yi. Mu komai muke so ya daɗe shanya shi muke yi: kuɓewa, tumatir, nama, tubali. Muka ɗora shi a kan rufin rumfa ya sha rana sosai har ya yi tauri. Ya ɗan yi fari-fari a gefe, da 'yan tsage sirara kamar gashi, amma kifin yana nan. Baba ya naɗe shi da tsohon rawaninsa, ya sa cikin ƙwaryar, ya rungume ta a cinya tun daga can har Bici, bai yarda na karɓe shi ko sau ɗaya ba.

Labari kuwa ya riga mu. Tun a tasha masu gaisuwa suke yi mana sannu irin ta gidan makoki. Bayan la'asar Baba ya ɗauki ƙwaryarsa muka nufi ƙofar gidan mai unguwa, inda dattawa ke zama. Aka gaisa. Wani sa'ansa, Malam Jibo, wanda sun saba tsokanar juna tun suna yara, ya ce, "Inuwa, an ce ƙwarya ta yi tafiya biyu ba ta jiƙe ba."

Baba ya ce, "Haka ne. Amma ku ga abin da ya sa." Ya ba su labarin ratsin bango, da gishiri, da kifi. Suna saurare, wasu suna kallon juna. Ya ajiye ƙwaryar a tsakiya ya fara warware rawani a hankali.

Gari muka tarar, kamar an daka shi a turmi. Toka-toka, da 'yan ɓarɓashi kamar ɓawon gyaɗa da aka tattake. Baba ya sa yatsa yana tonawa, ko zai sami kai, ko wutsiya, ko ƙaya guda. Babu abin da ya fi farce girma.

Malam Jibo ya leƙa ya ce, "To ko kifin ne ya shanye ruwan, ya gudu?"

Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, kuma shi Jibo na tabbata bai san inda maganarsa za ta sauka ba. Na tashi na rantse da Allah ni na ɓare shi da hannuna. Wani ya ce, "Zauna, Ado. Yaro ai ba ya ƙaryata maigidansa." Baba ya tattara bakin rawanin ya ƙulle, ya yi musu sallama, muka tafi. Ban taɓa jin haushin garinmu kamar ranar ba.

Daga nan kira ya ɗauke. Ba wanda ya ce masa komai a fuska, sai dai in za a haƙa rijiya a aika wani gari. Da rani ya zagayo ya kira ni ya miƙa mini dagi da igiya da madubi, ya ce in je in ci abinci. Na yi aiki da su shekaru masu yawa, na yi suna daidai gwargwado. In na kawo masa ƙasa a ƙulle a gefen riga don ya duba mini, sai ya murza, ya sansana, in ga amsar a fuskarsa, amma sai ya ce, "Kai ka gani, kai za ka faɗa." Bai ƙara cewa a kawo ƙwarya ba har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Bara waccan wata mota ta tsaya a ƙofar gidana, wata mata ta fito ta durƙusa ta gaishe ni. Ta ce ita ce Hadiza, jikar Baba Inuwa ta wajen 'yarsa da ta yi aure a birni. Ta karanta ilimin duwatsu a jami'a, yanzu tana koyarwa. Ta ce tun tana ƙarama take jin ana cewa kakanta ya rikice a ƙarshen rayuwarsa har yana ganin kifi a cikin dutse, mahaifiyarta kuma ba ta son a tayar da zancen. An ce mata ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka je.

Na ba ta labari kamar yadda na ba ku. Tana ji tana tsayar da ni da tambaya: lakar tana ɓarewa falle-falle? Farin dutsen yana da masu zanen tauraro? Can sai ta fito da wayarta ta nuna mini hoton wani kifi. Na karɓa da hannu biyu. Ba namu ba ne, amma ɗan'uwansa ne, a kwance a gefensa cikin baƙar laka.

Ta ce, "Baba, teku ce. Shekaru miliyoyi da suka wuce teku ta shigo ƙasar Sakkwato ta arewa, ta inda hamada take yanzu. In ta cika ta yi zurfi, sai laka mai laushi ta kwanta a ƙasanta, inda ba iska, ba abin da zai ci mushe ko ya ruɓar da shi. Shi ya sa kifinku ya zauna da ƙayoyinsa cif. In ta ja baya ta zama marar zurfi, sai katantanwa su yi yawa, ɓawonsu ya taru ya zama farin dutsen nan. Haka ta yi ta yi, ta cika ta janye. Mu nan Kano tsohon dutse ne a ƙarƙashinmu, babu irin wannan, to ina kakana zai san ta?"

Na ce, "To me ya sa ya zama gari?"

"Rana da iska. Abin da ya hana shi lalacewa shi ne rashinsu. Da kun bar shi a naɗe da danshinsa, a inuwa, ya bushe a hankali, da wataƙila ya iso."

Na miƙa mata wayarta. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Maganar da kakana ya yi a ƙasan rijiyar nan, ita nake koya wa ɗalibai. Bai rikice ba, Baba."

Na ce ta tashi mu je. Na sa hulata, na ɗauki sandata, muka nufi ƙofar gidan mai unguwa, ina sauri kamar ba ni ne mai ciwon baya ba. Sai da muka isa na tuna. Malam Jibo ya daɗe da rasuwa. Mai unguwar wancan lokaci ya rasu, ɗansa ma ya rasu, Sale ya rasu. Waɗanda ke zaune a kan dakalin jikokinsu ne, magidanta da samari, suka tashi suka ba mu wuri da ladabi.

Duk da haka na faɗa. Na ce ga jikar Baba Inuwa, ta zo da shaida, abin da ya ce ya gani gaskiya ne. Hadiza ta yi musu bayani, waya ta zaga hannu zuwa hannu, suna cewa ikon Allah. Da ta gama, wani magidanci mai hankali, jikan Malam Jibo, ya miƙo mata wayar da hannu biyu, ya juyo wurina.

"Baba Ado, a gafarce ni. Wane ne Baba Inuwa?"

Hannunsa da gemunsa ba su gama bushewa daga alwalar la'asar ba. Rijiyar masallacin da ya ɗebi ruwan, Baba Inuwa ne ya haƙa ta.